Kujerar Taga da Irin Geron Yaya Isufu

Tun da na dawo daga Faransa ban samu na ɗinke jaka ɗaya a zama guda ba, saboda masu tsayawa bakin rumfata suna cewa in ba su labarin jirgin sama. Mutanen unguwarmu ta Birni, a nan Damagaram, kuwa ba su iya sauraron labari ba. Wani ya zo a tsakiya ya ce a koma farko. Wani ya ji farko, ya tafi salla, ya dawo ya tarar da ƙarshe, sannan ya gangara unguwar Kara-Kara ya faɗi abin da ban ce ba. Har ta kai ana yaɗawa wai na yi kokawa da matuƙin jirgi. Ban yi ba. Ko ganinsa ban yi ba. Don haka na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato makarantar boko, zan rubuta abin daki-daki yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da aikina.

Da farko, dalilin tafiya. Ni Habu baduku ne, aji huɗu na yi a lakwal kafin a ba ni ga sana'a. A shekara ta biyu ta fari, fata ta yi yawa a Damagaram don dabbobi suna ta mutuwa, amma mai sayen jaka ko takalmi babu, kowa ta cikinsa yake yi. Sai wasu Nasara masu aikin taimako suka ce za su kai masu sana'a biyu ƙasarsu su nuna aikin hannu a wata babbar kasuwa, ko a dace da masu saye. Aka zaɓe ni saboda aikina. Aka zaɓi Kalla maƙerin azurfa, ban san saboda me ba. Kalla ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawansa. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Ana gobe za mu kama hanya na riga Kalla fita, na sauka Takeita, na taka zuwa ƙauyenmu a ƙasar Garagumsa don in yi sallama da yayana Isufu, wanda yake riƙe da gonar mahaifinmu. Na tarar da rumbu a buɗe, ba komai ciki sai ƙadangaru. Jar dawar taimako suke ci, ran da ta ƙare a dafa ganyen jiga. Bara sau biyu Yaya ya yi shuka, sau biyu ta ƙone. Abin da ya rage masa a duniya tiya uku ce ta irin gero, a cikin tulu, an liƙe bakin da laka, an binne ƙarƙashin gadonsa. A kan tulun nan ne gidan ya rabu biyu. Matarsa Hajo ta ce a fasa a daka, yara su ci su sami ƙarfin tafiya, a bi maƙwabta zuwa gari, don a ganinta sama ta bushe, kuma ba za ta sake ciyar da ƙasa ba 'ya'yanta suna kallo. Yaya ya ƙi.

Da na ce gobe zan kama hanyar Yamai in hau jirgi, sai ya tara gidan duka a gindin iccen bedi, ya tambaye ni ko gaskiya ne jirgin yana hawa sama da gajimare. Na ce haka na ji.

Ya ce, "To ka zauna bakin taga, ka duba mini da kyau. In akwai ruwa a can sama, mu riƙe irin nan. In babu, Hajo ta fasa tulu, mu ci, mu bar gonar Baba. Amma ba mai taɓa tulun sai Habu ya dawo."

Hajo ta tambayi kwana nawa zan yi. Na ce ashirin. Ta ce ta yarda, don ta san ƙanen mijinta ba ya ƙarya, ba don kirki ba, don bai iya ba ne. Na karɓi aikin. Tun daga ranar, maganar kujera ta fi mini maganar kasuwa nauyi.

Yanzu hanya. Na yi shekara ashirin ina bin kamyo, babbar motar kaya, zuwa kasuwannin Tanut da Magarya da Matamai, kuma ina da ƙa'idoji huɗu na zaɓen wurin zama waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba. Ta ɗaya, ka riga kowa zuwa ka ajiye butarka inda kake so, don wurin da buta ta kama ya kamu, ba mai ɗaga ta. Ta biyu, ka matsa gaba kusa da direba, can girgiza ta fi sauƙi. Ta uku, ka lura da gefen da rana za ta buga, ka zauna ɗaya gefen. Ta huɗu, ka nisanci awaki.

Kamyon da ya ɗauko Kalla daga Damagaram ya tsaya Takeita, na tarar ya karya duk huɗun. Yana can baya bisa taya, cikin rana, kafaɗa da kafaɗa da wata ramammiyar akuya. Ni na jira wani ya sauka, na kafa butata a gaba. Kwana biyu muka yi, ta Tasawa da Maraɗi, muka kwana a tashar Ƙonni bisa tabarmin haya, muka ci tuwon jar dawa da miyar da ba ta san mai ba. Duk tsawon hanya mutane ne a ƙafa suna yin kudu, da 'yan shanunsu da ake ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. Wani tsoho a Dogon Dutsi da ya ji inda za mu, ya ce in mun je sama mu gaishe da ruwa, mu ce masa ba mu yi fushi ba, ya dawo.

Kafin mu kai Doso akuyar ta zura baki a aljihun Kalla ta cinye kusurwar katinsa na rigakafi, wanda aka ce in babu shi ba a shiga jirgi. A filin jirgin Yamai ɗan sandan da ke duba takardu ya juya katin ya tambayi wa ya yi wannan. Kalla ya ce yunwa ce, ranka ya daɗe, ba ta bar kowa ba. Ɗan sandan ya ce tun da akuyar ta girmama hatimin gwamnati ba ta ci shi ba, ya wuce.

A wurin awon kaya wata mata ta ba kowa ɗan kati mai lamba. Na ɗauka lambar jakata ce, na sa a aljihu. Da aka buɗe ƙofa da hantsi, na ɗaga ƙafa na wuce kowa, har da wani mai taguwar Nasara da ya yi mini tsaki. Na hau matakala, na yi gaba wajen direba bisa ƙa'ida ta biyu. Can na sami kujeru masu faɗi kamar gadon amarya, na zaɓi ta bakin taga, na ɗora butata, na zauna kusa da ita ina godiya ga Allah da ya sauƙaƙa aikin Yaya.

Ba a jima ba ma'aikaciyar jirgi ta zo, wadda kowa yake kira Madam. Ta nemi katin. Ta nuna mini lambar, ta nuna can baya. Na tattaro Faransancin aji huɗu na bayyana mata cewa buta ta riga ta kama. Ta yi murmushi, ta miƙa hannu, ta ɗaga butar. Ina so a rubuta wannan da kyau: ta ɗaga ta. Ta shige gaba riƙe da ita, ina biye, jirgi duka yana kallo, har layi na talatin da ɗaya, inda kujeru huɗu suke a jere a tsakiyar jirgi, ba taga a dama, ba taga a hagu. Wurina yana tsakanin wani ƙaton soja da wani Banasare mai shan lofe. Da na waiwaya sai ga Kalla, wanda ya shigo ƙarshen kowa, zaune bakin taga yana ɗaga mini hannu.

Da jirgi ya daidaita a sama aka ce a kwance ɗamara, na je na ce masa mu yi musanya. Ya ce ba ya musanya da bawa sai bawan ya san matsayinsa. Sharaɗinsa shi ne in tsaya a gaban jama'a in ce sau uku, Kalla ubangidana ne. Na tuna masa ba don kaina ba ne, don irin Yaya ne. Ya ce shi ya sa ya ce sau uku, kowace tiya da nata. Na koma wurina.

Na daure har aka kawo abinci. Faranti ɗaya ne da 'yan akwatuna a kai, ba wanda ya faɗi wanda ake farawa da shi, don haka na bi su daga dama zuwa hagu. Na fara da wani abu mai zaƙi, na bi da gishiri, na ƙare da shinkafa. Naman na bar shi don ban san wanda ya yanka ba, sojan ya taimake ni da shi. Ina gamawa na tuna da Hajo da turminta. Na tashi, na tsaya kan Kalla, na faɗi abin sau uku. Sojan ya fassara wa mai lofe, mai lofe ya yi dariya har ya sarƙe. Kalla ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe mini kujerar da hularsa.

Na zauna, na kai fuska ga taga. Ba sama, ba ƙasa. Fiffiken jirgi ne, faifan ƙarfe mai faɗin masussuka, ya rufe komai. Na juya na dubi Kalla.

Ya ce, "Bawana, taga ka ce kana so. Ba ka tambaye ni abin da ake gani ba."

Da na manna kunci a gilashi na karkata ido baya, akwai ɗan tsagi mai faɗin tafin hannu a bayan fiffiken. Ja kawai ake gani. Sojan ya ce mun daɗe da barin ƙasarmu, wannan hamada ce. Haka na zauna da karkataccen wuya har kusan sauka, sai jan ya ƙare, ruwan teku ya wuce, fari ya shigo. Gajimare ne a ƙarƙashinmu, tuli bisa tuli kamar auduga a ranar awo, ba iyaka. Na ciro takarda na rubuta: akwai shi, amma ba a wajenmu ba.

A Faransa 'yan sandan iyaka sun daɗe a kan basillata da wuƙaƙen fata, sai da na ɗinke wa ɗayansu maɗaurin agogo suka gane sana'a ce. Wanda ya tarbe mu wani dogon Banasare ne mai jan gemu, ya yi shekaru yana haƙa rijiyoyi a ƙasar Damagaram, yana jin Hausa, kuma sunan da aka sa masa can, Mai Rijiya, shi muka ci gaba da kiransa. Muna fitowa waje na ga ruwa yana zuba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne mu yi haƙuri, mun zo a mummunan lokaci, kwana tara ke nan ana ruwa.

Na ce, "Mai Rijiya, kai da ka san inda muka fito, kada ka sake ba ni haƙuri a kan ruwa."

Na cire hula na tsaya a ciki. Mutane suna ta gudu suna ɓata fuska kamar ana jifansu. Wata tsohuwa mai jan kare, karen kuma sanye da riga, ta zo ta ɗora mini lemarta a ka tana magana cikin tausayi. Mai Rijiya ya ce tana tambaya ne ko ba ni da lafiya.

Masaukinmu otel ne, ɗaki ɗaya a hawa na biyar. Gadon ya yi laushi har mutum ba ya sanin inda bayansa yake, don haka na shimfiɗa buzuna a ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne makewayi. Akwai igiya, in ka ja ta sai ruwa mai kyau, wanda za a iya sha, ya zubo ya tafi. Na auna da butata, buta biyar ne kowane ja. Hajo tana tafiyar rabin yini kafin ta sami haka. Na kafa doka a ɗakin cewa sau ɗaya za a ja a yini, bayan sallar azahar. Kwana biyu dokar ta yi aiki. Ran na uku matar da ke share ɗaki ta kai ƙara, Mai Rijiya ya zo ya roƙe ni, na janye dokar ba da son raina ba.

Abincinsu kuma, kullum sai sun fara da ɗanyen ganye. A gida yunwa ce take sa mutum cin ganye, kuma ko ita sai an dafa. Can masu hali ne suke cinsa da cokali mai yatsu, suna yabawa. Suna da cuku iri-iri, wanda ya fi wari shi ya fi daraja. Kalla ya ce ƙamshinsa ɗaya da rumfata ranar da ake jiƙa fata, ya ci nasa ya ci nawa.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai abin da suka fi mu. Suna bin layi. Mutum ya zo ya tsaya bayan wanda ya riga shi, ba mai cewa shi ɗan wane ne. A kasuwar da muka yi mako biyu muna aiki ana kallonmu, kowane kaya da farashinsa a rubuce, ba ciniki. Ni na ji daɗin haka. Kalla kuwa ya rame, don rabin sana'arsa rantsuwa ce, can kuma ba mai neman ya rantse. Gaisuwa ce ba su da ita. Kwana uku ina gaishe da mutanen cikin jirgin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambaye ni gajiya, na bari.

Duk wannan lokaci tulun Yaya yana raina. Ana sauran kwana biyu mu dawo na zaunar da Mai Rijiya na ba shi labarin duka. Bai yi dariya ba. Ya zana mini jirgi a takarda, ya ce a wurin awon kaya ake zaɓen kujera, ba a cikin jirgi ba, kuma lambar kati ita ce butarsu. Muka tsara sharuɗɗa uku. Taga. Nesa da fiffike. Gefen hagu, don mai tafiya kudu gabas tana hagunsa, kuma kowa ya san ruwanmu daga gabas yake zuwa. Ya koya mini yadda zan faɗa, na yi ta maimaitawa har Kalla ya iya ba da niyya ba. Ranar tafiya na faɗa wa mai awon kaya, ta duba, ta ce saura ɗaya, layin ƙarshe. Mai Rijiya ya gargaɗe ni cewa can ne girgiza ta fi yawa, kuma makewayi yana jikin wurin. Na tambaye shi ko akwai awaki. Ya ce babu. Na karɓa.

Wannan karon ban yi sauri ba. Tun da na gane dokar lamba, na bar kowa ya shiga, na taho a ƙarshe da natsuwa, na bi jirgin har gindinsa. Ga layina, ga tagata ta hagu, ba fiffike ko kaɗan. A kan kujerar kuma ga buta, shuɗiya, an kafa ta a tsakiya.

Mai ita ta fito daga makewayi. Wata 'yar tsohuwa ce Bazabarma, ƙarama kamar tsintsiya, ido ɗaya a rufe da auduga. Daga baya na ji ɗanta ne ya kawo ta aka yi mata aikin ido. Lambarta ta kujerar gefen hanya ce, amma ta riga ni zuwa, ta yi abin da duk mai hankali yake yi. Madam ta wannan jirgin ta duba katina, ta miƙa hannu za ta ɗaga butar. Na tsaya tsakanin doka biyu. Ta lamba tana gefena. Amma tsohuwar sa'ar mahaifiyata ce, ƙa'idar da ta bi tawa ce, kuma ban manta abin da na ji a raina ba ranar da aka ɗaga tawa. Na ce wa Madam ta bari. Daga tsakiyar jirgi na jiyo dariyar Kalla.

Na lallashi kaina cewa ai daga kujerar gefe ma ana leƙawa. Muna tashi tsohuwar ta ja murfin taga ta rufe. Na ce, Inna, ko za a ɗan ɗaga? Ta nuna audugar ta ce, "Ido." Haske yana damunta, Hausarta kuma ba ta wuce kalma goma ba. Na yi mata bayanin tulu da hannu, na haƙa, na shuka, na nuna sama. Ta gyaɗa kai, ta ɓantaro goro ta ba ni, ta jingina da taga ta yi barci.

Sauran tafiyar a bakin makewayi na yi ta. Masu zuwa suka ɗauka ni ne mai tsaron wurin, kowa ya zo sai ya tambaye ni ko da mutum a ciki. Da na ga abin ba tsari, na miƙe na jera su, tsofaffi gaba, mata masu goyo, sannan sauran. Madam ta kawo mini shayi biyu.

Wajen la'asar aka ce mun kusa Yamai. Kwana ashirin sun kusa cika, ni kuwa abin da zan kai wa Yaya shi ne na ga fiffike da murfin taga. Sai na hango wata 'yar taga mai faɗin faifai a jikin ƙofar baya. Na miƙe zan je. Ban yi taku biyu ba jirgin ya faɗa kamar an janye masa ƙasa, kaina ya daki ma'ajiyar kaya, na dawo kujera ba da shirina ba. Madam ta ɗaure ni da hannunta ta gudu nata wurin. Jirgin ya shiga tsalle da rawa, kofuna suna yawo, kuma Mai Rijiya bai yi ƙarya ba, mu na baya mu muka fi sha. Salati ya tashi ko'ina. Na tambayi wani malamin lakwal da ke ƙetaren hanya ko injin ne ya lalace. Ya ce a'a, hadari ne muka shiga, babba.

Na ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara.

Jirgin ya sake faɗawa, na sake cewa Allah ya ƙara. Wani ɗan kasuwa a gabana ya juyo da jajayen idanu ya ce in na ƙara faɗa sai ya kwance ɗamara ya zo ya same ni. Na ce masa ya zauna, doka ta hana tashi. Daga nan ne labarin kokawa da matuƙi ya samo tushe, kuma iyakarsa ke nan. A cikin hayaniyar na ji wata murya daga tsakiyar jirgi tana kiran Habu, Habu, ka yafe mini. Muryar Kalla ce. Shekara arba'in da 'yan kai, ran nan ya tuna sunana.

Tsohuwar ta farka. Ta saurare ni, ta saurari ƙarar da ke dukan jikin jirgi. Sai ta dafe idonta mai auduga da hannu ɗaya, ta ɗaga murfin da ɗayan. Waje toka-toka ne, ba a ganin komai, amma a jikin gilashin ga ruwa, layi-layi, yana gudu a kwance. Ta ɗora yatsa tana bin ɗigo ɗaya har ya ɓace. Ta faɗi wata kalma da Zabarmanci, sannan ta juyo ta ce mini, "Ruwa." Ta riƙe murfin a buɗe har muka sauka, lafiyayyen idon yana hawaye saboda haske, ta matsa baya don in gani sosai. Da aka buɗe ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara shigowa.

Murnata ba ta wuce Doso ba. Daga nan duk inda muka yi gabas ƙasa a bushe take kamar yadda muka bar ta. Na isa ƙauyenmu ran kwana na ashirin da hantsi, na tarar Hajo ta fito da turmi ta ajiye a ƙofar ɗakin Yaya, taɓarya a jingine. Aka taru gindin bedi. Na ba da rahoto bi da bi. Ɗaya, a Faransa akwai gajimare fiye da bukatarsu. Biyu, a hamada babu. Uku, a saman Yamai akwai hadari mai ruwa, na shiga cikinsa.

Hajo ta tambayi kwana nawa ne daga Yamai zuwa nan a kamyo. Na ce biyu. Ta tambayi ina ruwan ya nufa. Na ce a kwance na gan shi yana gudu, amma inda ya nufa ban sani ba. Ta ce to a saman Garagumsa fa, me na gani? Na ce jirgin bai bi ta nan ba. Ta miƙa hannu ga taɓarya. Yaya yana kallon ƙasa.

Sai na cire hula na sunkuyar da kai. Ƙullutun da ma'ajiyar kaya ta yi mini yana nan kamar ƙwan zabuwa. Ta zo ta danna shi da babban yatsa, da ƙarfi fiye da yadda bincike yake bukata.

Ta ce, "Hadarin ne ya yi maka wannan?"

Na ce shi ne.

Ta ce abin da ya iya ɗaga gidan ƙarfe cike da mutane, ya kuma sami hanyar kumbura kan Habu, wanda ko Baba bai iya lanƙwasa shi ba, ba fanko ba ne. Ta ba da kwana bakwai, ran na takwas za ta fasa tulu ko da wa ya dawo daga ina. Ta mirgina turmin ta mai da shi madafa.

Na zauna jira tare da su. Ran na biyar da azahar gabas ta yi baƙi, aka yi ruwa har ya kwanta a kwari. Da safe Yaya ya fasa bakin tulu da kansa. Yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, Hajo tana layin da ke kusa. A nan na ba shi haƙuri cewa tagar farko fiffike ce, ta biyu kuma ta mutane ce, rahotona bai cika yadda ya so ba.

Bai daina sara ba ya ce, "Habu, kana tsammani ban san ba a ganin damina ta taga ba? Kwana ashirin nake nema. In na ce a jira ruwa, za a ce tun bara ake jira. Kai kuwa kana da ranar dawowa."

Na tsaya da iri a hannu. Na ce masa saboda wannan aiki na kira Kalla ubangidana sau uku a gaban soja da Banasare. Hajo, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ita ma ta sani tun ranar, amma ita ma tana bukatar abin da za ta riƙa faɗa wa yara kowace safiya, kuma in ci gaba da jefawa, layina ya karkace.

Wato a gidan nan duka ni kaɗai ne na yarda da maganar taga.

Masu tambayata wace kujera ce ta fi a jirgi, ga amsa, kuma ba zan sake ba da ita da baki ba. Gaba ta masu hali ce. Tsakiya ba a ganin komai. Ta kan fiffike ta Kalla ce, wanda har yau yake rantsuwa bai kira sunana ba. Ni in za a sake, a ba ni layin ƙarshe, bakin makewayi, inda in ruwa ya zo mutum zai ji shi a ƙashinsa, kuma in an tarar da buta a wurin, a bar ta.

Jiya aka aiko daga Garagumsa cewa geron ya kai gwiwa, yana neman ruwa na gaba. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, sannan ya dawo mini da kayena ba tare da ya naɗe kusurwar takarda ba.